Shekarar da Jarida Ta Talauta Baba

Jikata ce ta tsokano ni. Muna zaune a ƙofar gida nan Yalwawa bayan la'asar, sai ta miƙo mini wayarta ta ce, "Kaka, dubi yadda jaridar nan ta ƙawata ƙasarmu saboda bikin 'yancin kai." Na laluba aljihu na ɗauko tabarau. Ga wata doguwar gada a kan ruwa, ga gidaje masu hawa da yawa, ga 'yan mata sanye da fararen rigunan likitoci, ga samari sun duƙufa a kan kwamfuta. Na ce madalla, ƙasa ta yi kyau. Da ta murza zuwa inda aka nuna ɓangarenmu, sai ga wani dattijo tsaye a busasshiyar gona, riga a yage, ya yi tagumi. Na mayar mata da abarta na ce, "Amarya, karɓi kayanki. Wannan hoton na san shi tun kafin a haifi uwarki. Mutumin da ke ciki kawai suke sakewa." Ta yi dariya, ta ɗauka rigimar tsufa ce. Ba ta san ni ma na taɓa tsayawa a cikinsa ba.

A ƙauyenmu da ke tsakanin Kiyawa da Dutse, lokacin da Dutse ba ta ma yi mafarkin zama babban birnin jiha ba, jarida ba abin kowa ba ce. Ranar kasuwar Kiyawa motar Kano take kawo ta, ta riga ta kwana a hanya, gefenta ya sha man ja ko ƙurar buhu. Wani malamin makarantar boko ne ke saye, ya zauna a gindin durumi kusa da mai shayi, ya karanta da Turanci a zuciyarsa, ya faɗa mana da Hausa. Har yau ina jin ƙarar takardar nan in ya ware ta da hannu biyu. Mai shayi yakan daina kaɗa cokali, masu gardamar farashin jaki su yi shiru, wani ya yi gyaran murya kamar shi zai karanta. Mu mutane ne da suka tashi da girmama rubutu. Innata ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma in ta ga takarda a ƙasa sai ta ɗauka ta karkaɗe ta soke a danga, wai kada a taka sunan Allah ba a sani ba. Wanda ya tashi a hannun irin waɗannan mata, in aka ce masa an rubuta abu, to magana ta ƙare. Yaran yanzu suna karanta labari ɗari kafin su karya kumallo, ba su yarda da ko ɗaya ba, ba su kuma ƙaryata ko ɗaya ba. Mu kuwa ɗaya muke ji a mako, mu haɗiye shi da ƙashinsa.

A gindin durumin nan muka fara sanin wai mu da mutanen Ikko da na Fatakwal ƙasa ɗaya ce. Muna jin daɗin abin, wallahi. In malamin ya nuna mana hoton jirgin ruwa ko sabuwar masana'anta, sai wani ya ce, "Ashe wannan ma namu ne?" a ce masa namu ne, sai ya gyara zaman hularsa. Ba mu taɓa tambayar yadda su can suke ganinmu ba. Mun ɗauka yadda ake nuna mana su a cikin kyawawan kayansu, haka mu ma ake nuna mu.

Baba manomi ne na gaske. Ba ya riƙe da sarautar komai, amma duk yankin an san gandunmu. Gonakinmu sun gangara ta wajen fadama, inda ƙasa ke riƙe laima ko da ruwa ya yi rowa. Tun asuba za ka ji shi yana kaɗa fartanya da dutse don ya kakkaɓe ƙasar jiya, wannan ƙarar ce take tashe mu, ba carar zakara ba. Da kaka kuwa gidan ba ya shiru: luguden mata, kukan jakuna, tarin masu sussuka da ƙaiƙayi ya shaƙe. Ni ne babban ɗansa, na riga na yi gemu a lokacin, ni ke jan ƙannena a aiki. Rumbunanmu suna can cikin gida ta bayan ɗakin Inna, danga ta kewaye su. Doka ɗaya ce a kansu, kuma ba ta gidanmu kaɗai ba ce, ta duk mutanen kirki ce: ba a kai baƙo wurin rumbu, ba a kuma faɗin abin da aka samu. Wani yana tsoron baki, wani yana tsoron ɓarawo. Baba shi kunyar maƙwabci yake ji. Yakan ce mana, "Wanda nasa bai yi kyau ba yana jinku. Ku ce alhamdu lillahi ku yi shiru." Abin da kawai ake gani shi ne zakka. Kafin dami ya shiga rumbu sai an ware na Allah, a ɗora wa jaki, a kai gidajen da Baba ya sani, a ajiye ba tare da dogon bayani ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin shekarar da bai fitar ba.

A shekarar da nake magana ruwa ya ɗauke da wuri a wurare da yawa. Masu gonakin tudu sun sha wuya, wasu ko irin da suka zuba ba su mayar ba. Mu dai Allah Ya rufa mana asiri, gero ya yi, ga kuma dawar bara da ba a taɓa ba. Ana cikin ɗaurin dami sai mai unguwa ya sa aka yi shela cewa gobe mutanen jarida za su zo daga kudu, za su ɗauki hotunan mutanen ƙasa don bikin 'yancin kai. Ka ga gari ya rikice. A wurinmu hoto ba abin wasa ba ne, abu ne da zai rayu bayanka, don haka ba a tsaya masa sai cikin mafi kyawun tufa. Mata suka fito da kayan sallah daga adaka, wanzami bai huta ba. Akwai wani maƙwabcinmu da muke kira Kawu mai igiya, don tufka igiya ce sana'arsa. Gonarsa tana kan tudu, a bana babu abin da ya girba sai kara. Da yamma ya zo ya ari babbar rigar Baba mai aikin aska, da hularta. Baba ya ba shi har da takalmi.

Shi Baba cewa ya yi ba shi da lokacin tsayuwar hoto gero yana zube a gona. Muka yi sammako muka tafi. Aka ba mu labari daga baya cewa da motar ta iso, mutane sun jeru a ƙofar mai unguwa, kowa fes, Kawu mai igiya a sahun gaba yana ta tattara hannun riga yana ɗorawa a kafaɗa. Ɗan jaridar ya dube su sama da ƙasa, ya ɗauki hoto ɗaya ko biyu ba da son ransa ba, yana ta waige-waige kamar wanda ya yar da abu.

Muka shigo gari da hantsi, muna kore da jakuna. Baba yana sanye da tsummar rigar da yake aiki da ita, wadda Inna ta gaji da yi wa faci. Ni ko riga babu, ƙaiƙayi ya manne mini a gumi. Mun riga mun sauke dami ta ƙofar baya, jakunan ba komai a kansu. Da ɗan jaridar ya hango mu sai fuskarsa ta washe. Ya taho da sauri, tafintansa na biye, wani ma'aikaci daga ofishin Kiyawa.

Tafintan ya gaida Baba ya ce, "Baba, baƙon nan yana tambaya, yaya amfanin gona a bana?"

Baba ya dubi mutanen da suka kewaye mu, rabinsu ya san babu na wata biyu a ɗakunansu. Ya ce, "To, alhamdu lillahi. An dai samu ɗan abin da ba a rasa ba."

"Yana so ya ga rumbunka."

Baƙo ba a ce masa a'a, rumbu kuma ba a nuna masa. Akwai wani tsohon rumbu a wajen dangarmu tun na kakanmu, gara ta cinye gindinsa, gefe ɗaya ya rufta, kaji ne ke ƙwai a ciki. Baba ya nuna shi da haɓa ya ce, "Ga wani can." A ganinsa ya fita kunyar baƙo, ya kuma kiyaye gidansa. Ɗan jaridar ya tsayar da mu a gaban ɓaraguzan nan. Baba ya ce a bari ya shiga ya sako riga, aka ce a'a, haka ma ya fi kyau. Na yi murmushi, aka ce in daina. Abin ɗaukar hoton ya yi ƙyas, suka shiga mota suka tafi, ko ruwan da Inna ta aiko ba su sha ba.

Bayan bikin, ranar wata kasuwa, na iso gindin durumi na tarar da taro ya fi na kullum. Da aka gan ni sai aka dare. Malamin makaranta ya naɗe jaridar zai tura ƙarƙashin cinya. Na ce, "Malam, buɗe mana." Ya ce babu wani abin kirki a ta yau. Na sa hannu na zare ta. Ga mu nan, rabin shafi guda, ni da Baba da rumbun kaji. A ɗaya gefen ga wasu mutane cikin kwat suna yanka igiyar buɗe wani gini.

"Me aka rubuta a ƙasa?"

Ya yi ta kame-kame, sannan ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Wai wannan ita ce fuskar Arewa a bana, manomi da ɗansa a gaban rumbunsu da babu ko ƙwaya, suna jiran ƙasa ta tuna da su.

Ba zan ɓoye ba, na yi ashar a gaban manya a ranar, kuma har yau ban ga laifina ba. A ƙauyenmu da farko dariya aka yi, don kowa ya san gaskiya. Samari suna tsokanata, "Fuskar Arewa, ina kwana?" Baba ma ya ce a rabu da su, takarda ce, gobe za a ƙunshe ƙosai da ita. Amma takardar ta je inda dariyarmu ba ta je ba. A kasuwa mutanen wasu garuruwa suka fara gaida Baba da sassanyar murya irin ta gaisuwar mara lafiya. Mahauci ya ƙara masa tsoka a kan abin da ya saya, ya ce a kai wa yara. Wani da ya saba zuwa aron iri wurinmu ya wuce ta gabansa ya tafi wurin wani. Baba yana dawowa gida ya zauna, tuwo ya huce a gabansa.

Baba yana da amini a Aujara, tare suka yi karatun allo suna yara, muna kiransa Baffa na Aujara. Mutumin kirki ne, mai tsoron Allah. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, dattawa suna zaune a ƙofar gidanmu har da Liman, sai ga shi da jakuna ɗauke da damman gero. Aka yi gaisuwa, aka kawo ruwa. Ya sa aka sauke kayan a gaban zaure, ya matso kusa da Baba, idonsa ya ciko.

"Malam, ashe haka abu ya same ka ba ka aiko ba? Sai a takarda zan ji? Zakkata ce ta bana. Na duba ban ga wanda ya fi ka cancanta ba."

Baba ya ce, "Malam, ai lafiya muke. Alhamdu lillahi."

"Na san za ka faɗi haka. Tun muna yara ba ka faɗin ciwonka. Amma an karanta mini, na kuma ga hoton da idona. An rubuta, Malam."

Ka ga inda aka kai mutum. In Baba ya karɓa, ya ci haƙƙin miskinai, abin da Allah Ya haramta wa mai wadata, kuma daga ranar ya shiga sahun waɗanda ake kai wa. In ya ce ba ya so ya yi shiru, ya wulaƙanta amininsa a bainar jama'a, za a kuma ce girman kai ne na wanda talauci ya kama. Alhamdu lillahin da ya saba fakewa a bayanta ba ta da sauran amfani, don mai shi da marar shi duk ita suke faɗa. Hanya ɗaya ta rage, ita ce wadda ya hana mu bi tun muna yara. Ya juya wurin Liman.

"Allah gafarta Malam, mai abin shekara a gidansa, ya halatta ya karɓi zakka?"

Liman ya ce, "Bai halatta ba."

Baba ya miƙe. Ya ce a gaya wa mata su shiga ɗaka. Sannan ya ce da dattawan nan duka, "Ku biyo ni." Ya ratsa da su ta tsakar gida, inda wasunsu ba su taɓa takawa ba, har bayan ɗakin Inna. Ya ce da ni, "Hau ka ɗaga." Na ce, "Baba?" Ya ce, "Na ce ka ɗaga." Na jingina tsani na hau, ƙannena suka taya ni, muka ɗage murfin na farko. Gero har baki. Muka ɗage na biyu. Muka ɗage na dawar bara, ƙamshinta ya bugo mu. Ni a sama ina jin wani irin daɗi, ina cewa a raina, to ga fuskar Arewa, ku kalla da kyau. Sai na duba ƙasa na ga Baba bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Ƙasa yake kallo, kamar shi aka kama da kayan wani. A bayan taron kuwa ga Kawu mai igiya, wanda ba shi da na daren ranar, yana kallon hatsin maƙwabcinsa. Abin da Baba ya yi shekaru yana gudu ke nan.

Baffa na Aujara ya rufe fuska da hannun riga ya ce, "Ka yafe ni, Malam." Baba ya ce, "Ba ka yi mini komai ba sai alheri. Kayanka kuwa ba za su koma Aujara ba, akwai masu su a garin nan." Ya dube ni ya ce, "Ku rufe." Kafin magariba an kai damman inda suka dace, har da gidan Kawu. Amma Baba ya daɗe bai koma zaman ƙofar gida ba, kuma Kawu, duk da ya karɓa ya yi godiya, bai sake shigowa aron ko allura ba. Wannan zumuncin jarida ce ta ci shi, ba ta kuma san ta ci ba.

Shi ya sa in yaran yanzu suna gaya mini wai jarida madubin ƙasa ce, nake ce musu su je su tambayi wanda ya riƙe madubin ina ya juya shi. Ban ce babu yunwa a shekarar ba. Akwai ta, na ga masu ita, suna tsaye a ƙofar mai unguwa cikin rigunan aro, sun ƙi yarda duniya ta gan su a wulaƙance. Wannan ƙin yardar ita ce mu, kuma ba ta taɓa shiga shafin kowa ba. Mutumin ya taho daga garinsu da hotonmu a cikin kansa, ya zo neman wanda zai tsaya a ciki ne kawai. Ƙasar nan tamu ce kamar yadda take tasu. Geron da muke nomawa har can yake zuwa, shanunmu su suke yankawa, 'ya'yanmu suna cikin sojan da ke tsaronta. Amma in an tashi jera 'ya'yan ƙasa a takarda, wasu a sa musu kwat, mu a nemo mana tsumma. Ban yarda da wannan rabon ba a lokacin, yau da furfura ta cika mini kai ma ban yarda ba.

Ban haƙura ba. Na matsa wa Baba sai na je na gaya musu. Ya ce ɓata kuɗin mota ne, na ce na ji. Malamin makaranta ya kwatanta mini ofishinsu na Kano. Na sa rigata ta sallah, na naɗe jaridar a aljihu, na hau motar kasuwa a saman buhuna. Na sami wurin, wani bene mai ƙarar injinan buga rubutu. Aka bar ni a benci har na gaji, sannan aka shigar da ni wurin wani mai taye. Bahaushe ne ma, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na shimfiɗa masa takardar a tebur na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ni ne, wannan mahaifina. Abin da aka rubuta ƙarya ne. Rumbunanmu cike suke, dattawan gari sun gani da idonsu. Ku zo ku ɗauka ku nuna wa ƙasa, yadda kuka nuna wancan."

Ya dubi hoton, ya dube ni, ya yi ɗan murmushi. "Samari, ai wannan ya wuce. Kuma ba sunanku a ciki, misali ne kawai aka yi da ku."

"Sunanmu babu, fuskarmu fa? A garinmu ba da suna ake gane mutum ba."

Ya ce, "Ka yi haƙuri. Cikakken rumbu ba labari ba ne, ba wanda zai sayi jarida don ya ga manomi ya ƙoshi. Amma in an sake yin fari a wajenku, ko wata annoba, ku aiko mana, za mu turo mutum."

Na tattara takardata. Na ce masa, "Ko gari zai ƙone ba za ku ji daga bakinmu ba." Na fito ban yi masa sallama ba.

Na iso gida washegari da azahar, na tarar da Baba a zaure yana gyaran ƙotar lauje. Na tsuguna na zayyana masa komai, ina haki, ina jiran ya fusata yadda na fusata. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Wato sai mun lalace za su zo?"

Na ce, "Haka ya ce, Baba."

Ya gwada ƙotar a tafin hannunsa, ya ga ta zauna. Ya ce, "To, Allah kada Ya ba su dalilin dawowa. Tashi ka ɗaura wa jakuna akumari, akwai gidajen da ban kai wa nasu rabon zakka ba tukuna."